Takardar laifin gudu: a biya, ko a je kotu?

Babbar hanyar Kano zuwa Katsina ta bi ta Gidan Mutum Ɗaya, ta ratsa Kankia, ta wuce Charanci. Mu mutanen ƙauyukan Kankia da Kusada, a kanta muke kai hatsi kasuwa, a kanta muke kai marasa lafiya asibiti, a kanta kuma motar zumuntar mata take bi idan za a je taro. Saboda haka da wuya a sami gidan da ba shi da direba, ko ɗan acaɓa, ko mai hawa bayansu. Idan jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, waɗanda muke kira 'yan Rod Sefti, suka tsayar da ɗayanmu suka ce ya wuce ƙa'idar gudu, me ya kamata ya yi?

Abin da muka saba gani iri biyu ne. Wani yakan sa hannu a aljihu. Wani kuma yakan kama faɗa, ko ya shiga buga waya yana neman wani babba da zai sa baki. Ba mu cika ganin wanda ya tsaya ya karanta takardar da aka miƙa masa ba. Ga shi kuwa duk maganar a cikin takardar nan take.

Takardar ba hukunci ba ce

An kafa hukumar a shekarar 1988, kuma dokar da ta tsara aikinta an yi ta a 2007. Dokar ta ba jami'i ikon tsayar da mota, ya kuma rubuta wa direba takardar sanarwar laifi. Takardar nan zargi ce kawai. Tana gaya wa direba cewa ana tuhumarsa da laifi kaza, ga tarar da doka ta yanka, kuma yana da zaɓi biyu: ya biya a rufe maganar, ko ya ƙi biya a kai shi gaban alƙali.

An yi ta muhawara a kan wannan a kotuna. A 2014 wani lauya a Legas mai suna Tope Alabi ya kai hukumar ƙara, Mai shari'a John Tsoho na Babbar Kotun Tarayya ya yanke cewa kotu ce kaɗai take da ikon hukunta mutum da tara. Daga baya, a ƙarar wani lauya mai suna Moses Ediru, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce bayar da takardar bai saɓa wa tsarin mulki ba, tun da wanda bai yarda ba yana da damar zuwa kotu. Idan muka haɗa hukuncin biyu, za mu ga sun hadu a wuri ɗaya: ba jami'in bakin hanya ne mai maganar ƙarshe ba. Sashe na 36 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce duk wanda ake zargi ba shi da laifi sai kotu ta tabbatar.

Mu fara sanin ƙa'idar kanta, domin ba a musun abin da ba a sani ba. A cikin gari, kamar tsakiyar Kankia, iyakar gudu kilomita 50 ne cikin awa ɗaya. A babbar hanya, ƙaramar mota da tasi da bas 80 ne. Babur 50 ne ko'ina, a gari da bayan gari. Tirela da tanka 45 a gari, 50 a babbar hanya. Kilomita 100 da muke ji direbobi suna faɗa, na ƙaramar mota ne a kan babban titi mai hannu biyu. Inda kuma aka kafa allo mai nuna ƙasa da haka, abin da ke kan allon shi ne doka a wurin.

A jadawalin dokar 2007, tarar wuce ƙa'idar gudu Naira 3,000 ce da maki 3 a kan lasin. Tuƙin ganganci kuwa Naira 50,000 da maki 10. Lodin wuce kima 10,000, rashin lasin 10,000, waya a kunne ana tuƙi 4,000, rashin ɗaura bel 2,000. Mun kawo waɗannan ne don a ga tazarar da ke tsakanin laifi da laifi. Kalma ɗaya a takarda tana iya mai da abin da kuɗin kaza zai biya ya koma na akuya. Makin ma ba abin rainawa ba ne. Suna taruwa, daga gargaɗi a kai ga dakatar da lasin, har a janye shi, wanda kuwa tuƙi ne abincinsa ya san abin da wannan yake nufi.

A bakin hanya

Shari'ar da za a yi nan da mako biyu, a minti goman farko ake cinta ko a faɗi. Ka tsaya, ka kashe mota, ka gaisa. Ka tambaya cikin ladabi wane laifi ake tuhumarka da shi, da kuma ko an auna gudunka da na'ura. Idan an auna, ka roƙi a nuna maka lambar da ta fito. Idan ba a nuna ba, kada ka ja. Ka riƙe wannan a ranka, zai yi amfani gaba.

Kafin ka bar wurin ka duba takardar da kyau, in ba ka iya karatun Turanci ba wani fasinja ya karanta maka. Shin lambar motar daidai ce? Kwanan wata da lokaci da wurin fa? Laifi nawa aka yi wa alama? Ka rubuta sunan jami'in da ke ƙirjin rigarsa da lambar motar sintirin. Idan an riƙe lasinka ko takardun mota, ka tabbata an rubuta hakan a takardar. Ka karɓi lambar wayar fasinja biyu da suka ga abin da ya faru. Idan maganar allo ce, ka ɗauki hoton wurin da wayarka a ranar, domin ciyawar da ta rufe allo yau, gobe ana iya nome ta.

Game da sa hannu a aljihu, ba sai mun yi wa masu karatunmu dogon wa'azi ba, sun san sunan abin. Sai dai mu ƙara da cewa ko ta fuskar lissafi hasara ce. Yunƙurin ba jami'i cin hanci laifi ne mai zaman kansa, wanda jadawalin nan ya yanka wa Naira 10,000 da maki 10, wato fiye da ninki uku na tarar gudun. Ɗaga wa jami'i hannu ma haka. Jami'i ba shi da izinin karɓar tara a hannu. Tun 2015 kuɗin hukumomin tarayya asusun bai ɗaya na gwamnati suke shiga, ana biya ta Remita, a banki ko ta waya. Kuɗin da ba shi da rasit ba tara ba ne, kuma bai goge komai a littafin hukuma ba.

Yaushe ya dace a biya?

A nan za mu faɗi ra'ayinmu a fili. Idan ka san ka yi gudun, kuma gudun kaɗai aka rubuta, ka biya. Kuɗin mota zuwa kotu sau biyu, da aikin gona ko lodin da za ka rasa, sun fi tarar. Ban da haka, ba daidai ba ne mutum ya tsaya gaban alƙali ya musa abin da ya san ya aikata.

Biya da wuri shi ne hanya ta farko ta rage nauyin abin. Idan an tsare motar, dokar 2007 ta sa kuɗin ajiya Naira 200 kowace rana bayan awa 24 na farko, kuma motar da aka bari wata 6 ba a nema ba, hukuma tana iya neman Babbar Kotu ta mallaka mata ita. Kuɗin ajiyar ƙarami ne. Babbar hasarar ita ce motar haya da ta kwana uku ba ta fita ba, mai mota yana jiran balas, iyali suna jiran cefane. Bayan ka biya, ka kai shaidar biyan ofishin da aka rubuta a takardar, a ba ka rasit, a mayar maka da takardunka. Sau da yawa za a zaunar da kai ka saurari ɗan jawabi a kan tuƙi kafin a sallame ka. Ka ajiye rasit ɗin tare da takardun mota.

Amma akwai lokacin da ya kamata a tsaya. Misali, an rubuta tuƙin ganganci alhali gudu kawai aka ce ka yi. Ko motoci uku ne a jere, na'ura ta kama ta gaba aka tsayar da ta baya. Ko an rubuta laifin da ba ka yi ba sam. A irin wannan, kada ka fara biya, domin biya kamar amsa laifi ne, da wuya a dawo da magana bayansa.

Matakin farko ba kotu ba ne. Ka rubuta gajeriyar takardar koke zuwa ga kwamandan ofishin da ya ba da takardar: ranar, wurin, lambar takardar, abin da ya faru, da abin da kake roƙo. Ka yi kwafi biyu, a buga maka hatimi a ɗaya ka riƙe. Malamin makaranta ko sakataren ikilisiya zai iya taimakawa da rubutun. Direban haya ya tafi da shugaban tasharsa, domin sun saba da irin wannan zama. Idan ba a saurare ka ba, akwai babban ofishin hukumar na jiha a Katsina, akwai kuma Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, wadda ba ta karɓar ko kwabo. Ka yi duk wannan cikin wa'adin da aka ba ka, kada a ɗauka guduwa ka yi.

Gaban alƙali

Kotun majistare ce take jin irin wannan ƙara. Wani lokaci kuma kotun tafi-da-gidanka ce, wadda Babban Jojin jiha yake da ikon kafawa, ta zauna kusa da hanya, musamman a watannin ƙarshen shekara da lokutan bukukuwa. Ko a gindin bishiya ta zauna, kotu ce cikakkiya, a ba ta girmanta.

Kana da 'yancin a gaya maka tuhumar da harshen da kake ji, a kuma ba ka tafinta kyauta. Ka nemi wannan ba tare da jin kunya ba. Ga inda mutanenmu da yawa suke faɗawa rami: za a karanta tuhuma, a tambaye ka ko ka gane, sannan a tambaye ka ko ka amsa laifin. Tambaya biyu ce daban. Mutumin ƙauye da aka yi wa tarbiyyar cewa "to" ga manya yakan ce "e" sau biyu, shi ke nan shari'a ta ƙare kafin ya buɗe baki.

Idan ka ce ba ka amsa ba, nauyin kawo hujja yana kan masu ƙara. Za ka iya yi wa jami'in tambayoyi. Da me ya auna gudun? Lamba nawa ta fito, a ina aka rubuta ta? Mota nawa ke kan hanya a lokacin? Yaushe aka duba lafiyar na'urar? Sai ka kawo shaidunka da hotunanka. Doka ta yarda mutum ya kare kansa, amma idan tuhumar ta kai tuƙin ganganci, inda ɗauri zai iya shigowa, a nemi lauya. Wanda ba shi da hali ya tuntuɓi Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta ƙasa. A sani kuma cewa wanda kotu ta samu da laifi zai biya, ga wahalar zirga-zirga a kai. Wanda bai gamsu ba yana iya ɗaukaka ƙara zuwa Babbar Kotu, ita ma tana da wa'adi.

Ko wanda ya amsa laifi yana da sauran magana. Kafin yanke hukunci alƙali yakan ba shi dama ya nemi sassauci. Nan ne wurin faɗin cewa wannan ne karon farko, lasin da takardu cikakku ne, ba a ji wa kowa ciwo ba. Idan mai naƙuda ka ɗauko zuwa Babban Asibitin Kankia, ka zo da katin asibitin, kada ka tsaya ga faɗa da baki. Direban motar haya ya nuna shaidar ya sa na'urar taƙaita gudu, wadda aka fara tilasta wa motocin haya ranar 1 ga Fabrairu, 2017. A faɗi gaskiya, a taƙaice. Alƙalai sun ji labarin kakar da ba ta da lafiya sau ɗari.

Wasu matasanmu sun ji a rediyo cewa a 2023 Kotun Ɗaukaka Ƙara da ke Asaba ta ce aikin hukumar ya tsaya ga hanyoyin tarayya. Gaskiya ne an yi wannan hukuncin. Sai dai hanyar Kano zuwa Katsina ta tarayya ce, don haka ba zai fisshe ka a kanta ba. A hanyoyin jiha kuma akwai 'yan sanda da jami'an KASSAROTA, masu tasu dokar da tasu takardar. Ka duba kan takardar ka ga wace hukuma ce ta ba ka, domin can za ka kai kokenka. Hujjar hurumi ta lauya ce a cikin kotu, ba ta musu a bakin titi ba.

Akwai abin da ba a ɗaukaka ƙararsa. Mota mai gudun kilomita 80 tana cin mita 22 cikin daƙiƙa ɗaya, tun direba bai kai ƙafa kan birki ba. Idan aka ninka gudu sau biyu, nisan da birki yake bukata kafin mota ta tsaya yakan ninku sau huɗu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai tafiya a ƙasa da mota ta buge a gudun 65, haɗarin mutuwarsa ya ninka na wanda aka buge a gudun 50 sau huɗu da rabi. Yaran da ke tallar gyaɗa a bakin titi a Gidan Mutum Ɗaya namu ne, haka masu tsallakawa da tumaki ranar kasuwar Charanci.

Muna roƙon kowace ikilisiya mai mota ko babur na aiki ta ajiye kwafin lasin direba da takardun motar a wurin sakatare, a kuma amince tun yanzu wa zai raka direba ofis ko kotu idan ta taso. A rubuta lambar gaggawa ta hukumar, 122, a manna a gaban mota inda fasinja ma zai gani.