Na'urar Wasa Idan Ta Yi Kwantai, Wa Ke Iya Ceto Ta?

Cikin watanni uku, daga Afrilu zuwa Yunin 2013, kamfanin Nintendo na ƙasar Jafan bai sayar da sabuwar na'urarsa ta wasan bidiyo, Wii U, fiye da guda 160,000 ba a duk faɗin duniya. A lokacin ko shekara ba ta cika a kasuwa ba, tunda a Nuwamban 2012 aka fito da ita, ga shi kuma yayarta Wii ta sayu har fiye da miliyan 100. Tun a watan Mayu Electronic Arts, kamfanin Amurka mai wasan ƙwallon FIFA, ya riga ya ce ba shi da wani wasa da yake haɗa wa Wii U. Shekara biyu kafin nan, shugaban wannan kamfani da kansa ya hau dandamalin Nintendo a baje kolin E3 yana alƙawarin ƙawance irin wanda ba a taɓa gani ba.

Masu sharhi da yawa sun ce janyewar irin waɗannan kamfanoni ce ta kashe na'urar. Ni kuwa ina ganin sai da ta fara mutuwa sannan suka gudu.

Ga yadda sana'ar take. Wanda ya ƙera na'ura, ko Sony ko Microsoft ko Nintendo, ba daga jikin na'urar yake cin babbar riba ba. Sau tari ma da asara ake sayar da ita a farko. Ribar tana cikin wasanni, su kuma iri biyu ne. Akwai na gida, waɗanda mai na'urar ke yi da kansa, kamar Mario da Zelda na Nintendo. Akwai kuma na kamfanonin waje irin su Ubisoft da Konami da Capcom da Activision, waɗanda ke biyan mai na'ura wani kaso a kan kowane kwafi da aka saya, kusan kashi 30 cikin 100 idan ta intanet aka saye shi. Abin ya yi kama da wanda ya gina sabuwar kasuwa yana jiran kuɗin rumfa. Ɗan kasuwa ba zai kwaso kayansa ba sai ya ga masu saye, masu saye kuma ba za su taka ƙafa su je inda rumfuna suke a kulle ba. Dole wani ya fara ɗaukar asarar, kuma ba wanda wannan ya zama wa tilas sai mai kasuwar.

Kamfanonin waje ba su ƙi Wii U tun farko ba. Ubisoft ya yi mata wasa na musamman, ZombiU, ranar da ta fito, daga baya shugaban kamfanin Yves Guillemot ya ce wasan bai mayar da kuɗinsa ba. Sai kamfanin ya ɗage Rayman Legends, wanda da na Wii U ne ita kaɗai, daga Fabrairu zuwa ƙarshen daminar 2013 don ya fita a sauran na'urori ma. FIFA 13 ya fito a kanta, FIFA 14 bai fito ba. Ga kuma matsalar ciki: da PlayStation 4 da Xbox One suka iso a Nuwamban 2013, ƙirar cikinsu iri ɗaya ce da ta kwamfutar tebur, don haka wasa ɗaya na iya zagaya su duka ba tare da wahala mai yawa ba. Wii U ƙirarta daban, ƙarfinta kuma bai kai nasu ba. Mai son kai mata wasa sai ya ware ma'aikata na musamman su yi watanni suna rage shi, don a sayar wa mutanen da ba su da yawa. Ba akantan da zai sa hannu a kan wannan.

Laifin farko kuwa na Nintendo ne. Sunan kawai ya rikita jama'a. Iyaye da dama sun ɗauka abin riƙewa mai allo da ake nunawa a talla wani ƙari ne da ake jona wa tsohuwar Wii, ba sabuwar na'ura ba. Aka yi watanni ba wani babban wasan gida. Mario Kart 8, wanda shi ne ya fi kowanne jan masu saye, sai Mayun 2014 ya fito. Zuwa lokacin da aka daina ƙera ta a farkon 2017, miliyan 13.56 kawai ta sayu.

Masu cewa kamfanonin waje ne ke yanke hukunci suna da hujjarsu, kuma ba ƙarama ba ce. A tsakiyar shekarun 1990 Nintendo ya nace kan kaset a na'urarsa Nintendo 64, alhali Sony ya kama faifan CD, wanda ya fi araha wajen bugawa kuma ya ninka kaset mafi girma kusan sau goma wajen ɗaukar bayanai. Kamfanin Square ya kwashe Final Fantasy VII ya kai PlayStation a 1997, wasu suka bi sahu. PlayStation ta haura miliyan 100, Nintendo 64 ta tsaya wajen miliyan 33. Haka Dreamcast ta Sega: Electronic Arts bai taɓa kai mata wasa ko ɗaya ba, PlayStation 2 ta zo ta murƙushe ta, a 2001 Sega ya daina ƙera na'ura gaba ɗaya. Sai dai a lura, waɗannan misalai suna nuna yadda rashin 'yan waje ke tauye na'ura ne. Ba su nuna inda 'yan waje suka zo suka ɗaga wadda ta riga ta faɗi ba.

Wadda ta faɗi ta tashi ita ce Nintendo 3DS, ƙaramar na'urar hannu da ta fito a farkon 2011. Watannin farko ta yi kwantai sosai. Shugaban Nintendo, Satoru Iwata, bai tsaya roƙon kowa ba. A watan Agusta ya sauke farashinta a Amurka daga dala 250 zuwa 170, ya rage rabin albashinsa, sannan kafin shekara ta ƙare aka fito da Super Mario 3D Land da Mario Kart 7. Gaskiya ne Monster Hunter na Capcom, da ya fito a Disamban wannan shekarar, ya taimaka ƙwarai a Jafan, kuma tafiyarsa 3DS ta yi wa PlayStation Vita ta Sony illa babba. Amma mai gida ne ya fara zubar da kuɗinsa. A ƙarshe 3DS ta sayu kusan miliyan 76.

Switch, da ta gaji Wii U a Maris na 2017, ta ƙara fito da abin fili. Ta fito da 'yan wasanni kaɗan, manyan kamfanonin waje kuma suna gefe suna kallo, domin sun sha wuya a baya. Abin da ta zo da shi guda biyu ne: sabon Zelda, da manufar da ko yaro zai gane cikin daƙiƙa goma, wato ka yi wasa a talabijin, ka zare ta ka ci gaba a mota. Kusan wata biyu bayan haka aka ɗauko Mario Kart 8 ɗin nan na Wii U aka ɗan gyara shi. A Wii U kwafi miliyan 8 da ɗoriya ya sayu, a Switch ya wuce miliyan 60. Wasa ɗaya ne fa. 'Yan waje ba su daɗe ba suka biyo baya: FIFA 18 da Skyrim da Doom duk sun iso kafin 2017 ta ƙare. Nintendo ya kuma koyi darasi, ya tabbatar manhajojin haɗa wasa da kowa ke amfani da su, irin su Unity da Unreal, suna aiki a kanta tun farko, abin da ya buɗe ƙofa ga dubban ƙananan masu wasanni. Su ne suka cike giɓin watannin da babu sabon Mario, kuma da hannunsu na'urar ta haura miliyan 150.

Wannan hanya ba kowa ke da ita ba. Nintendo ya yi shekara arba'in yana tara sunayen da mutum zai sayi na'ura sukutum saboda su. Microsoft da ya ga Xbox tana bayan PlayStation, sai ya sayi 'yan wajen kacokan: ZeniMax, uwar kamfanin Bethesda, a 2021 kan dala biliyan 7.5, sannan Activision Blizzard mai Call of Duty a 2023 kan kusan dala biliyan 69. Duk da haka na'urar ba ta kamo ta Sony ba, har ya koma sayar da wasanninsa a kan PlayStation ɗin.

Akwai kuma irin mai sayen da lissafin Nintendo bai taɓa shafa ba. Leƙa kowane gidan gem a Kano ko Zariya ko Maraɗi da yamma: benci, talabijin uku ko huɗu a jere, janareto na ruri a waje, samari biyu-biyu sun ƙura ido, wani ya ɗauki Madrid wani Barcelona, na baya suna jiran wanda za a cire. Abin da ke kan allo kusan kullum ƙwallo ce, ko FIFA, wanda ya koma EA Sports FC tun 2023, ko PES na Konami. Duk biyun na kamfanonin waje ne. Mai shagon idan zai ƙara na'ura tambayarsa biyu ce, ko tana cin sabuwar ƙwallo, kuma ko za a samu mai gyara da fad na canji a kasuwa. Shi ya sa za ka zagaya unguwa guda kana ganin PlayStation, daga ta biyu har ta biyar, ba ka ci karo da Wii U ko ɗaya ba.