Bakin yaro da numfashinsa

Mutum yana numfashi dare da rana. Hanyar da ta dace iska ta bi ita ce hanci. Hanci yana tace ƙura, yana ɗuma iska, yana kuma jiƙa ta kafin ta isa huhu. Baki ba ya yin wannan aiki. Aikinsa ci da sha da magana.

Amma akwai yaran da kullum bakinsu buɗe yake, har cikin barci. Wasu uwaye suna ɗauka sakarci ne, sai su riƙa yi wa yaro faɗa. Sau da yawa ba laifinsa ba ne, hancinsa ne ya toshe.

Abin da ke toshe hanci

Mura tana toshe hanci kwana kaɗan, ta wuce. Ƙurar hunturu da hayaƙin murhu su ma suna kumbura cikin hanci. Akwai kuma wata tsoka can bayan hanci, wadda ba a ganinta in an leƙa baki, da wasu biyu a gefen maƙogwaro, dama da hagu. Aikinsu tare ƙwayoyin cuta. Ga ƙananan yara sukan girma ƙwarai, har su matse hanyar iska. Sai yaro ya koma numfashi da baki.

Yadda haƙora ke nuna alama

Ganda ita ce rufin baki, kuma ita ce daɓen hanci. In baki yana rufe, harshe yana kwance bisa ganda, yana taimaka mata ta yi faɗi sa'ad da yaro ke girma. In baki ya zauna buɗe shekara da shekaru, harshe sai ya sauka ƙasa. Ganda takan matse, ta yi zurfi. Haƙora su rasa wuri, su hau bisa juna, na gaba su turo waje. Tsotsar yatsa in ta daɗe ita ma tana kawo haka.

Ban da wannan, iska tana busar da miyau. Miyau kuwa shi ke wanke haƙora. In ya yi ƙaranci, dasashi ya yi ja, baki ya yi wari, haƙora su fara ruɓewa.

Don haka ne likitan haƙori yakan riga kowa ganin alamar. Yana duba ganda, da harshe, da yadda haƙoran sama ke haɗuwa da na ƙasa, ya leƙa maƙogwaro. Sa'an nan ya tambayi uwa: «Yaya barcin yaron nan? Yana minshari?»

Haɗarin da ke cikin dare

Minshari, ko hansari, na kowane dare ba lafiya ba ne ga yaro. Wani lokaci numfashinsa yakan tsaya na ɗan lokaci, ya zabura, ya ja iska da ƙarfi, ya koma barci. Haka ta yi ta faruwa har asuba, shi bai sani ba. Yaro mai shekara 6 zuwa 12 yana bukatar barcin awa 9 zuwa 12. Wanda barcinsa ke tsinkewa yakan tashi da ciwon kai, ya yi gyangyaɗi a lakwal ko ya kasa zama wuri guda, karatu ya yi masa wuya. Wani yana fitsarin kwance, wani girmansa ya ragu. Yara masu sikila sun fi shiga wannan haɗari.

Yaushe ya kamata a duba?

Haƙorin farko yakan fito wajen wata 6. Haƙoran nono 20 ne, suna cika wajen shekara 3. Daga shekara 6 ake fara famfara, har manyan haƙora su kai 32 in mutum ya girma. Ya kamata a fara duba bakin yaro tun yana shekara 1, a riƙa maimaitawa kowace shekara. Ƙasusuwan fuskar yaro suna cikin girma, gyaransu ya fi sauƙi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Inda babu likitan haƙori, sai a kai yaro gidan likita na kusa. In abin ya fi ƙarfinsu, su aika shi babban asibiti, kamar na Yamai, Damagaram, Maraɗi ko Tawa. Can likitan kunne da hanci da maƙogwaro zai tabbatar da ciwon. Wani yaro magani ya ishe shi, wani sai an yi masa aiki an cire tsokar.

Cire belu wajen wanzami ba ya buɗe hancin da ya toshe, don ba nan ciwon yake ba. Yana iya kawo zubar jini da shigar cuta.

Yara kan kwana ɗaki guda da ƙannensu. Wanda ya ji ƙanensa yana minshari kullum, ya gaya wa uwayensa da safe.

Tambayoyi

1. Waɗanne ayyuka uku hanci ke yi wa iska?
2. Me ke samun ganda in baki ya daɗe buɗe?
3. Don me cire belu ba ya maganin toshewar hanci?