Kangerlussuaq, zangon jiragen sama a ƙasar ƙanƙara

Can arewacin duniya akwai wani tsibiri da ake kira Girinlan. Babu tsibirin da ya kai shi girma, har ya fi ƙasar Nijar faɗi. Amma ƙanƙara ta rufe kusan kashi 80 cikin 100 na ƙasar, kuma mutanenta ba su kai dubu 60 ba. Yawancinsu Inuwit ne, masunta da mafarauta, suna zaune a bakin teku.

A yammacin tsibirin, wani reshen teku ya kutsa cikin duwatsu, tafiyar kilomita fiye da 160. Inda ya tsaya, nan wani ɗan gari yake, wanda a 2020 yake da mutane wajen 500. Sunansa Kangerlussuaq, wato "babban reshen teku" a harshen mutanen wurin.

Galibi rijiya ko kasuwa ke kafa gari. Wannan kuwa jirgin sama ya kafa shi. Da can, mafarauta kaɗai ke zuwa wurin in sanyi ya wuce, su yi farauta su koma. A shekarar 1940, lokacin yaƙin duniya na biyu, Jamus ta mamaye Danmak, ƙasar da ke mulkin Girinlan. A 1941 sai Amurka ta sami izinin kafa sansanonin soja a tsibirin. Jiragen wancan zamani ba su iya ƙetare teku daga Amurka zuwa Ingila ba tare da sun sauka sun sha mai ba. Kamar ayarin raƙuma, su ma sai da zango.

To, me ya sa aka zaɓi nan? Saboda sararin sama. A bakin teku hazo da iska sun yi yawa, matuƙi ba ya ganin ƙasa. Nan kuwa ciki ne sosai, duwatsu sun tare hadari. Ruwan da ke sauka a shekara, har da dusar ƙanƙara, bai kai milimita 200 ba. Maraɗi ma ta fi shi samun ruwa nesa ba kusa ba. Akwai har tuddan rairayi kusa da garin, sai dai rairayi ne mai sanyi.

Bayan yaƙi filin bai mutu ba. A 1954 kamfanin SAS ya buɗe hanyar fasinja daga Kofanhagan zuwa Los Anjalas, jiragensa suna yada zango a nan. Sojojin Amurka sun tashi a 1992. Filin ya zama ƙofar shiga Girinlan: babban jirgi ya zo daga Danmak, fasinja su sauka, ƙananan jirage su rarraba su garuruwa, don babu hanyar mota tsakanin gari da gari.

Baƙi da yawa ba su wuce ɗakin jira ba. Wanda ya fita kuwa ya sha kallo. Wata hanyar tsakuwa ta kilomita wajen 35 tana kai mutum har gindin babbar ƙanƙarar. A wani wuri ta tsaya tsaye kamar ganuwa, fara da shuɗi-shuɗi, tana ƙara, wani gefe ya ɓalle ya faɗa kogi. A wani wurin kuma ana hawanta da ƙafa. Can tsakiyar tsibirin kaurinta ya kai kilomita 3. Ba wasa ba ce: a watan Yuli na 2012 ta narke da yawa, kogin ya cika ya karya gadar garin.

A kan hanya ana gamuwa da wata dabba mai kama da ɓauna, gashinta har ƙasa, ana ce mata umimmak. Ba asalin wurin ba ce. Guda 27 aka kawo daga arewa maso gabashin tsibirin tsakanin 1962 da 1965, ciyawar ta karɓe su, yanzu sun kai dubbai. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa sam, sauro kuwa kamar na damina. Da hunturu sanyi yakan kai digiri 40 ƙasa da sifiri, dare ya yi tsawo, wani haske kore ya riƙa yawo a sama kamar ana kaɗa zane. Masu ƙarfin ƙafa kuma suna ɗaukar kaya a baya su bi sawu zuwa Sisimiut, garin bakin teku, kilomita 160, tafiyar mako guda ko fiye, ba gari ko ɗaya a tsakani.

A ranar 28 ga Nuwamba 2024 aka buɗe sabon babban fili a Nuuk, babban birnin ƙasar. Manyan jiragen fasinja suka koma can. Ga garin da kusan kowa ke ci daga filin jirgi, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Aiki ya ragu, mutane sun sa ido ga masu yawon buɗe ido da masu binciken ƙanƙara. Amma filin yana nan a buɗe. Ran da hazo ko iska suka hana sauka a Nuuk, matuƙi yakan juya akalar jirginsa zuwa Kangerlussuaq.