Jamus, Almaniya, Doicland: Ƙasa Ɗaya, Suna Barkatai



Yaranmu da aka haifa a nan Jidda Almaniya suka sani, mu kuma iyaye Jamus muke cewa. Idan ka ce wa Balarabe za ka Jamus dariya zai yi, domin a harshensu jamus bauna ce. Shi ya sa na ga ya dace in ɗan yi bayanin inda waɗannan sunaye suka samo asali.

Jamus dai daga bakin Turawan Ingila muka ɗauko ta, su kuma daga Rumawa, waɗanda suka kira yankin Jarmaniya. Almaniya kuwa, wadda muke gani a allon Asibitin Saudi-Alamani da aka buɗe a Jidda a 1988, sunan wata ƙabila ce, Alamanni, da ta zauna a gefen kogin Rhine. Ma'anarta "dukkan mazaje". Faransawa da Turkawa ma da wannan suna suke kiran ƙasar. Su kansu Jamusawa Doicland suke cewa, daga wata tsohuwar kalma mai nufin jama'a, wato ƙasar masu magana da harshen jama'a.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne Nimsa, sunan da Larabawa ke kiran Ostiriya. Asalinsa daga harsunan Silabawa ne, waɗanda suka laƙaba wa Jamusawa "bebaye" saboda ba sa jin maganarsu. Haka Larabawa suka kira wanda ba nasu ba Ajami, mu ma muna da baubawa.

Sunayen garuruwansu ba su yi nisa da namu ba. Burg na nufin gari mai ganuwa, don haka Hamburg da Augsburg tsarinsu ɗaya da Birnin Kebbi da Birnin Konni. Furt mashigin kogi ne, Frankfurt ke nan mashigin ƙabilar Frank, wadda daga gare ta sunan Faransa ya fito. Munich na nufin wurin masu zaman zuhudu na coci. Ingila ma ƙasar Angil ce, ƙabilar da ta yi ƙaura daga arewacin Jamus.

A sunayen mutane, Friedrich sarkin zaman lafiya ne, Heinrich kuma mai mulkin gida, kusan maigida. Heinrich Barth, ɗan Hamburg da ya shiga Katsina da Kano a 1851, ya ajiye sunansa ya ɗauki Abdulkarim don ya sami sauƙin tafiya cikin Musulmi.

Mu ma hakan ta same mu. A Hijaz ana ce mana Takari ko Takruni, daga tsohuwar daular Takrur ta bakin kogin Senegal, ƙasar da yawancin kakanninmu ba su taɓa takawa ba. Wasu iyalai na ɗauke da Hausawi, wasu Barnawi, wasu Fallata, kuma kowanne yana nuna hanyar da kaka ya biyo zuwa Makka.

Roƙona ga iyaye shi ne, a zaunar da yara a gaya musu ma'anar sunan gidansu da na garin kakansu, tun dattawan da suka sani suna raye. Idan ba mu faɗa musu ba, sunan da wasu suka laƙaba mana kaɗai zai rage a hannunsu.

Allah ya taimake mu, amin.