Shin Ko Kun San? Rufin Da Ake Fesawa Kamar Fenti

Shin ko kun san akwai rufin da ba a buga masa ƙusa ko ɗaya? Sinadarai biyu ne masu ruwa-ruwa ke haɗuwa a bakin injin feshi. Da sun sauka a kan gini sai su kumbura su zama kumfa, su ninka kusan sau 30, kafin minti guda sun sandare. Sunan abin foliyuretan, ɗan'uwan soson katifa ne, irinsa ne kuma a cikin bangon firjinku. Otto Bayer da abokan aikinsa suka ƙago shi a Jamus a 1937.

Ko kun san ba ruwan sama ne ajalin wannan rufi ba, rana ce? In aka bar kumfar tsirara, haskenta zai mayar da ita ruwan goro, ta dinga marmashewa kamar gari. Shi ya sa ake shafe ta da silikon ko akirilik, a kuma sabunta shafin bayan shekara 10 zuwa 15. Mai yin haka a kan kari ba ya kware rufi, wanki da sabon shafi kawai. Sai dai silikon akwai wariya: ba abin da ke manne masa da kyau sai wani silikon. Wanda ya ga tsaga ya ɗauko kwalta ya liƙe, ya ƙara wa kansa aiki ne.

Tsuntsaye ma suna saran rufin! A birnin Finiks na jihar Arizona, inda wannan rufi ya yawaita, ramukan baki na cikin abin da ake dubawa. Ƙaramin rami ba ya sa yoyo nan take, domin ƙwayoyin kumfar a rufe suke. A yanke wurin da ya lalace, a bari ya bushe, a cike.

Wankinsa bai wuce ruwa da sabulu marar kaifi da buroshi mai laushi ba. Injin wanke mota in an ƙure masa ƙarfi, sai ya ɗaye shafin. Ana hawa sau biyu a shekara, da kuma bayan ƙanƙara, a kwashe ganye daga indararo. Kar a ja ƙarfe a kai.

Ko kun san bayan guguwar Katrina ta yaye rufin filin wasa na Superdome da ke birnin New Orleans a 2005, da wannan kumfar aka sake rufe shi?