Me ke hana wasannin kwamfuta tashi a tsarin Linux?

Masu amfani da tsarin kwamfuta na Linux sun sha kokawa da wata matsala: mutum ya sauke wasa, ya danna maɓallin farawa, allo ya yi baƙi na ɗan lokaci, daga nan shiru.

Da yawa sukan ɗauka wasan ne ya lalace, sai su goge shi su sake saukewa. Ga wanda ke sayen data da tsada, wannan asara ce babba, domin wasannin zamani da dama girmansu ya haura gigabait 50.

Sau da yawa kuma wasan lafiyarsa ƙalau. Abin da ya faru shi ne an killace shi a wani ɗaki, kuma ɗaya daga cikin ƙofofin da yake bukata a kulle take.

Mene ne wannan killacewa?

A da, idan an sanya manhaja a Linux, tana iya taɓa kusan duk abin da mai kwamfutar ke iya taɓawa: takardunsa, hotunansa, da kalmomin sirrin da ya adana.

Domin rage wannan haɗari aka ɓullo da sababbin hanyoyin ƙunshe manhaja. Fitattu daga cikinsu su ne Flatpak, wanda Alexander Larsson na kamfanin Red Hat ya assasa, aka kuma raɗa masa wannan suna a 2016, da Snap na kamfanin Canonical mai tsarin Ubuntu.

A ƙarƙashinsu, manhaja kan zo da kayan aikinta, a kuma ajiye ta a keɓe. Tamkar baƙo ne da aka sauke a ɗakin zaure: yana da shimfiɗa da ruwa, amma ba ya shiga cikin gida sai da izinin maigida.

Wannan tsari ya dace da ƙananan manhajoji. Wasa kuwa baƙo ne mai yawan bukatu. Yana son katin hoto, da sauti, da rumbun ajiya, da na'urar sarrafawa ta hannu, duk a lokaci guda.

Akwai kuma ƙarin sarƙaƙiya. Manhajar Steam ta kamfanin Valve, wadda ta iso Linux a 2013, ita ma tana killace wasanninta. A 2018 kamfanin ya fito da Proton, mai sa wasannin Windows su yi aiki a Linux. Ke nan ɗaki ne a cikin ɗaki, kuma sai da Flatpak 1.12 ya fito a 2021 aka daidaita wannan al'amari sosai.

A fara da sauraron koken wasan

Matakin farko shi ne a gano abin da wasan ke nema. Idan aka buɗe shi ta hanyar danna hotonsa, saƙon kuskure yakan ɓace ba a gani ba.

Don haka a buɗe Terminal, wato allon rubuta umarni, a rubuta:

flatpak run com.valvesoftware.Steam

Daga nan a tayar da wasan, a lura da layukan ƙarshe da suka bayyana kafin ya mutu. Idan suna maganar hana izini, ko wani fayil da ba a gani ba, alamu sun karkata ga killacewar. Idan kuwa suna ambaton Vulkan ko OpenGL, to katin hoto ne abin dubawa.

Ga wasannin Windows, ana iya rubuta PROTON_LOG=1 %command% a gurbin zaɓin farawa na wasan, domin Proton ya ajiye cikakken rahoto a fayil.

Rumbun da ba a gani

Wata matsala da ta fi yawa ita ce ta wanda ya ajiye wasanninsa a rumbu na biyu. Steam na Flatpak yana zaune ne a jakarsa ta ~/.var/app/com.valvesoftware.Steam, kuma ba ya ganin wancan rumbu sai an ba shi izini.

Ana ba da izinin da manhajar Flatseal, ko kuma da umarni irin wannan, inda za a sa ainihin adireshin jakar:

flatpak override --user --filesystem=/mnt/wasanni com.valvesoftware.Steam

Sai a rufe Steam gaba ɗaya a sake buɗewa. A tsarin Snap kuwa, umarnin snap connections steam yana nuna ƙofofin da ke buɗe da waɗanda ke rufe.

Haka nan, rumbun da aka tsara da NTFS, wato salon ajiyar Windows, yakan kawo wa Proton cikas. Mayar da wasan kan rumbu mai tsarin ext4 kan warware wannan.

Direban katin hoto

Masu katin NVIDIA suna da tasu matsalar. Direban katin, wato manhajar da ke sarrafa shi, kashi biyu ne: ɗaya a cikin kwamfutar, ɗaya a cikin ɗakin Flatpak. Wajibi ne lambobinsu su zo daidai.

Idan aka sabunta na waje aka bar na ciki, wasan da ya yi aiki jiya zai ƙi tashi yau, ko ya riƙa jan ƙafa. Maganin shi ne a rubuta flatpak update, sannan a kashe kwamfutar a sake kunnawa.

Umarnin nvidia-smi yana nuna lambar direban waje, flatpak list kuma yana nuna ta ciki.

Idan kuma wasa ya tashi amma na'urar hannu ta ƙi amsawa, galibi ana bukatar sanya ƙunshin steam-devices a kan kwamfutar kanta, domin manhajar da ke killace ba ta da ikon kafa waɗannan ƙa'idoji.

Inda laifin ba na killacewa ba ne

Wasu wasannin ba za su tashi ba ko da an buɗe dukkan ƙofofi, saboda manhajar hana maguɗi da ke cikinsu ba ta yarda da Linux ba.

Valorant da Fortnite na cikin wannan rukuni. A watan Oktoban 2024 kuma kamfanin Electronic Arts ya rufe wa masu Linux ƙofar Apex Legends, yana mai kafa hujja da yaƙi da masu maguɗi.

Kafin a kashe data, yana da kyau a duba shafin ProtonDB, inda 'yan wasa ke bayyana ko wasa ya yi musu aiki.

Kada a rushe katanga

Idan haƙuri ya ƙare, wasu kan bai wa Steam izinin shiga ko'ina da --filesystem=host. Wasan na iya tashi, amma an zubar da kariyar da aka nema tun farko, domin duk wani gurɓataccen wasa zai iya karanta takardun mutum. Garin neman gira ke nan a rasa ido.

Abin da ya fi shi ne a buɗe ƙofa ɗaya, a gwada, in ba ta yi amfani ba a mayar da ita. Wanda ya rikice da sauye-sauye zai iya komawa farko da flatpak override --user --reset com.valvesoftware.Steam.

Ya kamata kuma a sani cewa Steam na Flatpak da na Snap ba Valve ne ke ƙunshe su ba. A Janairun 2024, Timothée Besset, mai aiki da kamfanin, ya koka kan yawan rahotannin matsala daga nau'in Snap, ya kuma shawarci masu Ubuntu su yi amfani da ƙunshin .deb na kamfanin, ko kuma Flatpak.

Saboda haka, idan duk matakan nan sun gaza, gwada wasan a Steam marar killacewa zai nuna inda gizo ke saƙar. In ya tashi a can, ƙofa ce a rufe. In ya ƙi, sai a nemi dalilin a wani wuri.