Takalmin Ƙarfe da Buhun Siminti: A Lura da Takun Lebura

A wuraren gini da gidajen buga bulo na Takur, har zuwa wajen masu fasa dutse a gefen garin Dutse, leburori iri biyu ne: masu silifas, da masu takalmin nan mai ƙarfe a baki. Na biyun sun fi dabara. Takalmi mai inganci bakinsa yana jure bugun abu mai kilo 20 da ya faɗo daga tsayin mita ɗaya, bulo kuwa ba ya sallama kafin ya dira kan yatsa.

Sai dai takalmin ma yana karɓar nasa haraji. Tun 1969 wasu masana a cibiyar binciken sojan Amurka, Soule da Goldman, suka nuna cewa nauyin da ke ƙafa yana cin ƙarfin mutum kusan ninki biyar na irinsa da ke kan gangar jiki, domin kowane taku sai an ɗaga shi.

Ku dubi mai ɗauke da buhun siminti mai kilo 50 bayan azahar, rana ta gama gasa shi. Takunsa ya gajarce, ƙafa ba ta ɗagowa sosai, bakin takalmi yana sharar ƙasa. Tafin takalmin ya ƙi lanƙwasuwa, wuyansa ya ɗaure idon sawu, sai gwiwa da ƙugu su ɗauki aikin da ba nasu ba. Ga kaya a ka sun hana shi duba gabansa. Guntun rodi ɗaya ya isa: tuntuɓe, targaɗe, ko buhun ya danne wuya.

A 1967 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ba da shawarar kada ƙato ya ɗauki abin da ya wuce kilo 55. Amma a kasuwar Shuwarin ɗan dako yana saɓa babban buhun hatsi shi kaɗai, ana yi masa kirari.

Kada nauyin takalmin ya sa a koma silifas. A sayi takalmi daidai ƙafa, a gwada shi da safa, a ɗaure igiyarsa; na gwanjo mai cinyayyen tafi santsi yake jawowa. Akwai marasa nauyi da ba ƙarfe ne a bakinsu ba, kuma suna karewa. Buhu ya hau baro, ko a kama shi mutum biyu. Ɗan kwangila ya sa a share hanyar dako, a gama jigila mai nauyi da sanyin safiya.

Ciwon baya da ke sauka ƙafa, ko yatsu su riƙa mutuwa, na asibiti ne, ba na ƙwayar kashe zafi da ake saya a tire ba.